Waken Samaru da Haƙƙin Mai Saye

Duk wanda ya san Rigasa, tun daga bakin tashar jirgin ƙasa har zuwa lungunan cikin unguwa, ya san cewa wake shi ne naman talaka, domin da ƙosai ake karya kumallo, da garau-garau ake wuni, alala da ɗanwake kuwa su ne sana'ar matan aure da yawa a cikin gidajensu. Saboda haka muhawarar da ake yi a majalisu da ƙofofin masallatai a kan waken da masana suka taɓa ƙwayar halittarsa, magana ce da ta shafi tukunyar kowa.

Asalin al'amarin wata tsutsa ce, maruka, wadda take shiga furen wake ta cinye shi tun daga ciki, sa'an nan ta huda kwanso ta lalata 'ya'yan, har manomi ya tashi da harawa kawai. Don gudun wannan hasara akan yi wa gona feshi sau 6 zuwa 8 kafin girbi. Wanda ya taɓa ganin yaro a ƙauyukan Igabi goye da tankin feshi, ba takunkumi, iska tana mayar masa da maganin a fuska, daga baya ya zauna ya sa hannun nan a kwanon tuwo, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan illar wannan hali. To, masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, bisa jagorancin Farfesa Muhammad Faguji Ishiyaku, tare da abokan aikinsu na Ostireliya da Kenya, sun samar da wake mai ɗauke da ƙwayar gado guda ta wata ƙanƙanuwar halitta da ke zaune cikin ƙasa, wadda take sa shukar ta yi sinadarin da ke kashe tsutsar. A watan Disamba na 2019 hukuma ta amince a saki irin ga manoma da sunan SAMPEA 20-T, kuma feshi 2 ya wadatar da shi.

Akwai masu cewa wannan canza halittar Allah ne, kuma ba na raina taƙawar da ta sa suka faɗi haka. Sai dai malamai sun riga sun yi nazarin mas'alar: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Musulunci ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1998, ta halatta amfani da wannan ilimi a noma da kiwo, bisa sharaɗin a kiyaye kada cuta ta sami mutum ko dabba ko muhalli. Amma jita-jitar cewa waken yana hana haihuwa, ita ce wadda aka yi wa rigakafin shan-inna a 2003, ba hujja, kuma yaran da suka nakasa a sanadinta suna nan a raye a cikinmu.

Ni dai ina ganin maslahar wannan wake ta rinjayi mafsadarsa. Inda nake da ƙorafi shi ne wajen bayyanawa, domin waccan majalisa ta kuma nemi masu sarrafa abinci su bayyana abin da ke cikinsa, alhali kuwa mai ƙosai da ta je kasuwa awo, ana zuba mata mudu ne kawai, ba ita ba, ko mai awon bai san irin da ke cikin buhunsa ba. Ciniki a shari'a yana tsayuwa ne bisa yarda, yarda kuwa ba ta cika sai da sani. Hukumar da aka kafa a 2015 don sa ido a kan irin waɗannan tsirrai tana da hanyar tantance irin, tunda gwajin ƙwayar halitta a ɗakin bincike yana iya nuna, daga 'yan ƙwayoyin wake kaɗan, ko na Samaru ne ko na gargajiya. Wajibi ne a rubuta sunan iri a jikin buhu da Hausa, boko da ajami, kuma masanan Samaru su sauko Rigasa su zauna da limamai da 'yan kasuwar hatsi, su amsa tambayoyinsu baki da baki.