Faifan kwamfuta a cikin na'urar ɗaukar waƙa

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Wannan karin magana ya dace da duk mai gidan ɗaukar waƙa da ke shirin canza faifan na'urarsa.

A farkon shekarun 1990 kamfanin Alesis na Amurka ya fito da ADAT, mai ɗaukar layi 8 na sauti a kan kaset ɗin bidiyo. A shekara ta 2001 ya maye gurbinta da HD24, mai layi 24, wadda ta bar kaset ta koma ga faifan ajiya irin na kwamfuta, samfurin IDE. Ganga da layinta, gurmi da nasa, muryar zabiya da nata. Sai dai aikin na da cin wuri: awa guda a kan layi 24 takan cinye wajen giga 12.

Saka faifan ba shi da wuya. A kashe na'ura, a zaro akwatinsa kamar aljihun tebur. A duba bayan faifan, a mayar da ɗan maɓallin roba wurin da aka rubuta Master, a jona igiyar bayanai da ta wuta, a ɗaure kusoshi, a mayar. Tun da an daina ƙera faifan IDE, mai sabon samfurin SATA sai ya nemi ƴar mahaɗa da za ta shiga tsakani.

Hatsarin yana gaba. Na'urar tana tsara faifai da nata tsari, mai suna FST, kuma tsarawar takan shafe abin da ke ciki. Haka nan idan aka jona tsohon faifanta ga kwamfuta, ba za ta gane shi ba; sai ta ɗauka wofi ne, ta nemi izinin shirya shi. Wanda ya amsa mata da to, yana iya ɓata aikin shekaru cikin ƙiftawar ido, watakila har da muryar mawaƙin da ya riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka, kafin a taɓa kusa ko guda, a kwafe waƙoƙin ta aljihu na biyu da na'urar take da shi, a rubuta suna a jikin kowane faifai, a adana tsohon nesa da zafi da ƙurar hunturu. Faifai ana sayensa a kasuwa. Muryar da ta shuɗe kuwa babu mai sayar da ita.