Akwati mai kwaɗo uku

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a karkara ya san allunan poroje da ke tsatsa a bakin hanya. Akan zo da mota, a tara jama'a a ƙofar maigari, a kafa kwamiti a yini guda: shugaba ƙanen maigari, magatakarda wanda ya ɗan iya Faransanci. Ranar da kuɗin Turawa suka ƙare, ranar kwamiti yake watsewa.

Wani tsari ya kauce wa wannan ƙaddara. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, kuma ba ta raba wa kowa jari ba, horo ta bayar. Mata wajen talatin sukan haɗu kowane mako su yi zubi. Ya bambanta da adashin da muka gada, inda ake kwasa bi da bi: a nan rance ake bai wa mai bukata, ta mayar da ɗan ƙari, in shekara ta zagayo a raba uwa da riba. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, ba a buɗe shi sai a idon kowa. Ƴan kasuwa, ku da kuka san yadda bashi ke raba zumunci, kun gane darajar wannan dabara.

A ganina ribar gaskiya ba cikin akwatin take ba. Macen da ta saba tashi gaban ƴan'uwanta ta ce a sake ƙirga kuɗi, ba za ta ji nauyin tambayar magajin gari inda harajin kasuwa ya shiga ba. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, bayan dokar 2000 da ta keɓe wa mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, daga cikin waɗannan ƙungiyoyi aka sami ƴan takara, wasu kuma suka ci.

Sai dai kada mu cika baki. Wadda ba ta da abin zubi tana waje, ita ce kuwa mafi talauci. Wani lokaci mace ke karɓar rance, miji ya kashe. A shekarar yunwa irin 2005, masu neman rance sukan yi yawa, zubi ya yi wuya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu poroje da ke son zuba miliyoyi cikin waɗannan akwatuna don su cika rahotonsu. Matan suna sa ido ne domin guminsu ke ciki; kuɗin baƙo, wa zai tashi ya ce a sake ƙirga su?