Kafin a sayi taki, a fara auna ƙasa

Da zarar hadari ya fara haɗuwa, hirar majalisu a Ƙofar Kaura takan koma kan abu ɗaya: nawa buhun taki bana? Amma da wuya ka ji wani ya ce, to wai ita gonar me take buƙata? Manomi ya sayar da akuya, ya sayi kamfa da yuriya, ya watsa don ya ga maƙwabcinsa ya yi haka. In amfani bai yi kyau ba, a ce ruwa ne. Ko likita ai sai ya yi gwaji kafin ya rubuta magani.

Yawancin gonakin da ke kewaye da Katsina jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Wata gonar naitirojin ta rasa, wata fosfaros, wata kuma tsami ne ya yi mata yawa har shuka ba ta iya cin abin da aka zuba. Buhu iri ɗaya ba zai magance ukun ba.

A da, sai an kai ƙasa ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, a jira sakamako. Yanzu akwai na'urorin hannu da ke haska ƙasa da wani haske da ido ba ya gani, su karanta yadda ya dawo, su kwatanta da dubban samfuran da aka riga aka auna, cikin mintuna sakamako ya fito a waya. A 2020 kuma aka ƙaddamar da iSDAsoil, taswirar ƙasar noma ta Afirka baki ɗaya, wadda ke ba da kiyasi a kan kowane fili mai faɗin mita 30, kuma kyauta ce a intanet.

Sai dai a yi hattara. Taswira kiyasi ce, ba ta san cewa kai ka shekara biyar kana kai shara da kashin shanu gonarka ba. Su kuma ƙananan na'urori masu arha da ake tallatawa, waɗanda ake cakawa a ƙasa su nuna lamba, da yawansu gishirin da ke cikin ƙasa suke ji, su yi cinta da sauran. Wanda ya dogara da su zai iya yin asarar da ta fi ta da. Aikin Cibiyar Kimiyyar Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa da doka a 2017, ta faɗa mana wace na'ura ce abin yarda.

Tun 2006 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za a kai amfani da taki kilo 50 a kowace hekta. A taron Nairobi na 2024 sai ga shi maganar lafiyar ƙasa ta shigo gaba. Ya kamata mu ma mu bi sahu. Duk lokacin da gwamnatin jiha za ta raba taki, a haɗa da awon ƙasa, a ba malaman gona na KTARDA kayan aikin, a kuma ba manomi sakamakonsa da Hausa: buhu nawa, wane iri, yaushe za a zuba.

Ga mu matasa kuwa, wallahi sana'a ce a ƙasa. Ɗaliban aikin gona na jami'ar Dutsin-Ma da sauran makarantunmu za su iya haɗa kuɗi, su samu horo, su riƙa bin ƙauyuka da gonakin rani na Ajiwa da Zobe suna awo a kan kuɗi kaɗan. Mu masu karatun jarida namu shi ne mu kai bayanin rediyo yadda Baba zai gane. Kai kuma da iyayenka ke noma, bana kafin a ba ka kuɗin taki ka tafi kasuwa, ka tambaya ko an taɓa auna gonar.