Turke Tun Daga Ciki Yake Farawa

'Yan'uwa manoma da makiyaya, kowace shekara in kaka ta wuce mukan ɗaure bijimi a turke. Harawa tasa ce, dusa tasa ce, ƙuli-ƙuli da angurya ma nasa ne. Saniya mai ciki kuwa sai a kora ta daji ta ci busasshen kara har damina ta faɗi. Mu dai a ganinmu an juya abin baibai, kuma binciken masana ya goyi bayanmu.

Kitsen sa ba haka kawai yake taruwa ba. A cikin jiki akwai ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kowace kamar ɗan buhu ce da ake zuba mai a ciki. Abincin turke cika buhunan yake yi. Amma yawan buhunan, musamman na kitsen da ke ratsa tsoka ya sa nama laushi da daɗi, tun da wuri ake ƙayyade shi. Saniya takan ɗauki ciki kwana 283 ko kusa da haka. Ƙwayoyin kitse sukan fara samuwa wajen tsakiyar cikin, su yi ta ƙaruwa har maraƙi ya kai kamar kwana 250 da haihuwa. Bayan nan ƙaruwar takan ragu ƙwarai. Zaren tsoka ma kafin haihuwa adadinsa yake cika. Daga baya kauri kawai yake yi.

Wani zai ce ai gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne. Shanun Wagyu na Japan sun gaji nama mai ratsin kitse, kuma ba abincin da zai mai da Bunaji ko Rahaji Wagyu. A shekarar 2009 masana suka wallafa jerin ƙwayoyin gadon saniya. An san wata ƙwayar gado mai suna Zfp423 wadda ke karkata ƙwayar jiki ta zama ta kitse maimakon ta zama jijiya mai tauri, da wata mai suna PPAR-gamma wadda ke kammala aikin.

To, amma samun gado daban, buɗuwarsa daban. Ƙwayar gado kamar ɗaki ce mai ƙofa. Akwai wasu ƙananan alamomi na sinadarin methil da ke manne wa DNA kamar kwaɗo a ƙofa. In sun yi yawa a bakin Zfp423, sai aikinta ya ragu, buhunan kitse su yi kaɗan. Rubutun gadon bai sāke ba, amma an rufe wani sashe nasa. Abin da uwa ta ci da abin da ta rasa lokacin ciki suna cikin abubuwan da ke taɓa waɗannan alamomi, kuma alamar takan daɗe tare da dabbar.

Sai mu yi lissafi. Saniyar da aka barbara a watan Agusta, lokacin ciyawa, za ta haihu wajen Mayu. Ke nan rabin cikinta na ƙarshe ya faɗa tsakanin Disamba da Mayu, daidai lokacin da daji ya ƙone, rafi ya ƙafe. Maraƙin da aka haifa a wannan hali, in ya girma ka ɗaure shi, zai ci kuɗinka bai cika ido ba. Sai ka zargi mai sayar da dusa, alhali ɓarnar ta faru shekaru uku da suka wuce.

Mun san abin da za a ce: kuɗin bijimi yana dawowa cikin wata uku, na saniya kuwa sai an jira. Haka ne, kuma mai iyali ba ya raina kuɗin hannu. Amma saniyar da ta haihu da ɗan kitse a jikinta takan ba da nono da yawa, ta kuma sāke ɗaukar ciki da wuri. Wadda ta haihu a rame takan yi jinkiri, ka rasa maraƙi guda ba ka sani ba.

Saboda haka muna roƙonku abu uku. Tun da kaka a ware harawar wake da ta gyaɗa, a ɗora kan rumfa da sunan shanu masu ciki, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A tattara 'ya'yan gawo in sun zubo da rani, a haɗa da ɗan angurya da kanwa. Masu tatsa kuma, don Allah a rage wa maraƙi rabonsa, kada ƙwarya ta kwashe nonon duka a watanninsa na fari. In harawar ba ta isa kowa ba, a fara ba saniya mai ciki, bijimi ya ci saura.