Koyon Haɗa Sauti Ta Intanet: Ɗalibin Tasawa Ya Yi Nasa, Saura Hukuma

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manyanmu na Yamai duk lokacin da aka tayar da zancen horar da matasan karkara aikin rediyo da haɗa sauti. Sai ka ga mutum ya gyara zaman babbar riga, ya ce wai zamani ya canza, ilimi ya shiga aljihun kowa, duk yaron da ke son koyo ga intanet nan, ya buɗe wayarsa ya koya. Maganar tana da daɗin ji a zauren taro mai sanyin na'ura. Amma duk wanda ya san yadda wannan karatu yake gudana a Tasawa da Mayahi ya san wayo ne kawai na zame wuya daga nauyin da aka ɗauka da rantsuwa.

Bari mu fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Darussan suna nan, kuma ba na wasa ba ne. Makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston a Amurka tana koyar da haɗa sauti ta dandalin Coursera, wanda aka kafa a 2012. YouTube cike yake da masu koyarwa. Manhajar Audacity, wadda ta fito tun 2000, kyauta ce ga kowa. Yaron da ya dage zai koyi tazarar da ta dace tsakanin baki da makirufo. Zai gane dalilin da ke sa murya ta fashe idan ta haye sifiri a ma'aunin ƙarfin sauti, ya kuma san cewa abin da ya fashe wajen ɗauka ba ya gyaruwa wajen haɗawa. Zai iya cire gurnanin nan na wutar lantarki mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ya yanke tari da in'ina, ya kwantar da kiɗa a ƙarƙashin magana yadda tsohuwa a Korgom za ta ji sanarwar rigakafi ba tare da ta manna rediyo a kunne ba. Wanda ya koyi wannan shi kaɗai, a kan tabarma, ya cancanci a cire masa hula.

To amma a tsaya a dubi abin da yake haurawa kafin ya kai nan. Darasin da Turancin Ingilishi yake zuwa, in an yi sa'a da Faransanci, alhali ɗalibin da Hausa yake tunani, kuma da Hausa zai yi aikin. Kowane bidiyo na cin mega, megan kuwa da kuɗin abinci ake sayensa, shi ya sa za ka tarar da yaro ya hana idonsa barci yana jiran tsakar dare, lokacin da layi ke sakin jiki. Malamin da ke cikin bidiyon yana zaune tsakanin lasifikoki biyu na aiki a ɗakin da aka lulluɓe da soso, yana cewa a saurari bambanci. Wane bambanci yaro zai ji da abin kunnen da ya saya a kan teburin kasuwa? Ranar da ya kammala, takardar shaidar sai an biya da katin banki, abin da ko mahaifinsa bai taɓa riƙewa ba. In ma ya samo ta, wane ofishi ne a ƙasar nan ya taɓa bayyana masa matsayinta?

Sai kuma uwa uba, wuta. Wutar wannan yanki daga Katsina take shigowa ta layin Gazawa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba ƙasar nan, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Wata bakwai ke nan. Masu cewa ilimi ya shiga aljihun kowa, su faɗa mana da me aka yi cajin aljihun a waɗannan watanni.

Ko da an kawar da duk waɗannan, akwai abin da bidiyo ba zai taɓa yi ba: ba ya saurare. Haɗa sauti sana'ar kunne ce, kunne kuwa wani kunne ke gyara shi. Maƙerin Tasawa bai taɓa ƙwarewa da kallon wuta daga nesa ba, sai da ubangidansa ya karɓi laujen da ya ƙera, ya juya shi, ya ce a mayar cikin wuta. Ɗalibin intanet ba shi da mai ce masa a mayar. Yakan shekara yana maimaita kuskure guda, yana zaton gwaninta ce.

Daɗin daɗawa, darussan ba don sautinmu aka tsara su ba. Za a koya maka ɗaukar jita da fiyano dalla-dalla, amma babu mai gaya maka inda za ka ajiye makirufo a gaban kalangu, wanda muryarsa ke hawa da sauka gwargwadon matsar hammatar makaɗi. Babu mai faɗa maka yadda za ka ɗauki goge da ƙwarya a fili ɗaya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, ko ya nuna maka cewa tsohon ɗakin laka mai rufin azara ya fi ɗakin siminti mai kwano kama murya. Manhajar Auto-Tune da ta fito a 1997 tana jan kowace murya ta tsayar da ita a kan matakala goma sha biyu na kiɗan Turai. Goge da sarewa da muryar zabiya kuwa a tsakanin matakalan nan suke yawo, kuma a nan ne daɗinsu yake. Yaron da ba shi da mai tsawata masa sai ya danna manhajar a kan komai, ya goge abin da ya sa waƙar ta zama tamu. Laifin ba nasa ba ne. Abin da aka nuna masa ya yi.

Abin takaicin shi ne, ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a fagen koyarwa daga nesa, har ma tana cikin waɗanda suka riga kowa a Afirka. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, inda ake ba mai jagorancin kulob rakoda, ya tara mutanen gari su saurari shiri, su yi muhawara, ya ɗauki muryoyinsu a kai Yamai a watsa. A 1964 aka fara koyar da ƴan firamare ta talabijin. Ko a wancan lokaci na ƙarancin ma'aikata, ba a taɓa ajiye akwati a aji aka juya baya ba. Kowane aji da mai kula da shi, kowane kulob da jagoransa. Mutanen zamanin Diori sun gane cewa na'ura tana kawo darasi, mutum ke mayar da shi ilimi. Yaya aka yi jikokinsu masu digiri suka manta?

Bayan Taron Ƙasa na 1991 baki ya buɗe. R&M ta fara watsa shiri a 1994, Anfani ta biyo baya a 1995. A watan Maris na 1997 wasu mutane sanye da kakin soja suka afka wa gidan Anfani da dare, suka farfasa na'urorinsa. Waɗannan mutane, duk da mugun nufinsu, sun fahimci abin da masu tsara manufofinmu suka kasa fahimta, wato ƴancin magana a cikin na'ura yake kwana, kuma a hannun mai sarrafa ta. A 1999 aka buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare, daga nan suka yaɗu har suka haura ɗari. An raba eriya, an raba faifan hasken rana, an yanka kyalle, an yi hoto. Wa aka tanada don ya riƙe na'urar bayan baƙi sun tafi? Sau nawa muka ji tasha ta yi shiru wata da watanni don yaron da ya iya aikin ya tafi ci-rani?

A duba inda aka tara wuraren koyo. Makarantar aikin jarida da sadarwa da aka daɗe da sani da sunan IFTIC, a Yamai. Cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya da aka buɗe a 1989, a Yamai. Cibiyar CELHTO mai adana tarihin baka tun 1968, a Yamai. Studio Kalangou da ya fara aiki a 2016, wanda rediyoyin karkara ke karɓar shirinsa, shi ma a Yamai. Daga Tasawa zuwa can kusan kilomita 800 ne. Ɗan manomin da gerons bai kai shi Maris ba, da me zai yi kuɗin mota, da haya, da kuɗin makaranta?

Sakamakon a fili yake. Mdou Moctar, wanda duniya ke tafa wa yau, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008. Mawaƙanmu na jihar Maraɗi sun san hanyar Kano kamar ta gidajensu, can suke kai kuɗinsu da waƙarsu. A Maijirgi aka binne Voulet da Chanoine a 1899, bayan sun bar gawawwaki tun daga bakin kogin Kwara. Jikokin waɗanda suka ga abin da idonsu suna riƙe da labarin a ka. Da aka tashi ɗaukar irin waɗannan muryoyi don duniya ta ji, a fim ɗin African Apocalypse na 2020, daga Ingila masu na'urar suka zo. Ba mu ga laifinsu ba. Namu muke gani. Kowace shekara ana kai dattijo kushewa da tarihin gari guda a cikinsa, ga kuma jikansa zaune a ƙofar gida da waya, ya koyi rabin sana'ar ɗaukar murya, babu mai ƙarasa masa.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce ƙasa na fama da matsalar tsaro, baitulmali ba kuɗi, wannan ba lokacin kiɗa ba ne. Wa ya ce zancen kiɗa kaɗai ake yi? Da wace murya ake gaya wa manomi ranar shuka da farashin wake? Da wace murya ake ƙaryata jita-jitar da ke yawo a WhatsApp kafin ta haɗa makiyayi da manomi faɗa? An dakatar da RFI a 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, an ce muryar gida ta ishe mu. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ce a dogara da muryar gida, wajibinsa ne ya sa muryar ta fita tangaram.

Abin da muke nema bai kai kuɗin motar babban ma'aikaci guda ba. A ware ɗaki ɗaya a gidan rediyon al'umma na kowane babban gari, a Tasawa da Mayahi tukuna, da kwamfuta biyu ko uku, da lasifikar aiki, da faifan rana, da layin intanet da hukumar komin za ta riƙa biya. A sauke darussan sau ɗaya, kowa ya kalla ba tare da ƙona megansa ba. A nemo tsofaffin ma'aikatan Muryar Sahel da suka yi ritaya, waɗanda suka yanke tef da reza kafin kwamfuta ta zo, a biya su su riƙa zagayawa suna sauraren aikin yara. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ta haɗa kai da masana harshe a mayar da darussan farko cikin Hausa, a ƙara da babin kalangu da goge da babu shi a Boston. A shirya jarrabawar aiki a Maraɗi, wanda ya ci a ba shi takardar da gwamnati ta sani. Aikin gwajin kowane ɗalibi kuma ya zama ɗaukar muryar dattijo ɗaya ko makaɗi ɗaya na garinsu, a ajiye kwafi a gidan rediyo, a aika kwafi CELHTO.

Yaran sun riga sun nuna niyyarsu, da kuɗinsu da barcinsu suka biya. Waɗanda aka damƙa wa riƙon komin-komin, da gwamnan jiha, da ma'aikatar sadarwa, su ne ba mu ga nasu ba tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mun kuma nuna wurin. In an gyara, mu ne farkon masu yabo a wannan shafi. In an yi kunnen uwar shegu, za mu sake faɗa, da ƙarfin da ya fi wannan.