Gidajen alfarma na Paris: ƙofa ɗaya, matakala biyu

Duk wanda ke da ɗan'uwa ko aboki a Paris ya san irin hoton. Saurayi ne cikin rigar sanyi, tsaye gaban wata ƙatuwar ƙofar katako, a bayansa bene na farin dutse mai baranda ta baƙin ƙarfe, a ƙasan hoton an rubuta lambar gunduma: 16. Kafin gari ya waye hoton ya zaga Facebook da WhatsApp daga Maraɗi har Tawa, samari a fada sun gama yanke hukunci cewa wane ya haye. Babu ƙarya a hoton, a gidan yake kwana. Sai dai gidan matakala biyu gare shi, kuma hoton bai nuna wadda yake hawa ba.

Waɗannan benaye sun girmi yaƙin duniya na farko. Tsakanin 1853 da 1870, Georges-Eugène Haussmann, wanda sarki Napoleon na Uku ya ɗora a kan mulkin Paris da kewayenta, ya rushe tsofaffin lunguna, ya shata manyan tituna, ya sa masu gini bin tsari guda: sassaƙaƙƙen dutse a fuska, tsayi daidai da na maƙwabci, baranda a hawa na biyu da na biyar, rufin kwano mai gangare a sama. Magina sun ci gaba da bin salon har wajajen 1914.

Hawa na biyu shi ne na manya. A zamanin da babu asansar, mai kuɗi ba ya son wahalar da gwiwarsa, ba ya kuma son hayaniyar kantunan da ke ƙasa. A nan tsayin ɗaki ya haura mita uku, daɓen na katako ne da aka jera kamar ƙashin kifi, ga murhun marmara na jin ɗumi, ga zanen ado a saman ɗaki, falo na buɗewa cikin falo. Kyau ne na gaske, mai hassada ma ba zai musa ba. Kuma ba banza ginin ya shekara 150 yana tsaye ba: dokar birnin ta wajabta gyara fuskar gida duk shekara goma, masu gidajen da ke cikin benen kuma suna zuba kuɗin kula da shi ko suna so ko ba sa so. Wanda ya ga yadda sabon bene ke tsagewa a Yamai bayan ƴan damuna kaɗan ya san darajar wannan.

Kuɗinsa kuwa sai a yi shiru. A 2019 matsakaicin farashin murabba'in mita ɗaya a Paris ya haura Yuro 10,000, wato sama da sefa miliyon 6 da rabi. Ma'aikacin Nijar da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, jaka 42 a wata, sai ya yi shekara 13 bai ci ba bai sha ba kafin ya sayi wurin da bai kai shimfiɗar tabarma ba. A farashin 2019, gida mai murabba'in mita 200 ya wuce miliyar ɗaya da miliyon 300, kuma wannan lissafin matsakaici ne. A manyan titunan gunduma ta 7 da ta 16 abin ya fi haka. ƴan Afirkan da ke shiga ta babbar ƙofa a matsayin masu gida ƙalilan ne, wasunsu ma kotu ta tambaye su inda suka samo kuɗin. Ɗan shugaban Gini Ikwatoriya, Teodorin Obiang, an ƙwace katafaren gidan da ke lamba 42 a titin Foch a 2012, kotun Paris kuma ta same shi da laifi a 2017.

Matakala ta biyu tana bayan gida, ta cikin tsakar gida ake isa gare ta, kusa da inda ake ajiye kwandunan shara. Siririya ce, tana murɗewa har hawa na shida ko na bakwai, ƙarƙashin kwano. Don ƴan aiki aka yi ta, yadda mai dafa abinci da mai wanki za su sauko kicin su koma ba tare da sun haɗu da baƙin uwar gida ba. Ɗakunan da ke can sama su ne Faransawa ke kira chambre de bonne, ɗakin ƴar aiki. Wanda ya san ɗakin boyi a bayan tsofaffin gidajen Turawa na unguwar Filato ya san tunanin da ya haife su, sai dai a Paris sama aka kai shi maimakon baya.

Yau ƴan aikin sun tafi, ɗalibai da baƙi sun maye gurbinsu. Dokar da aka kafa a watan Janairun 2002 ta ce ɗakin haya kada ya gaza murabba'in mita 9 da tsayin mita 2.20, ko kuma faɗi da tsayinsa gaba ɗaya su kai mita 20 na cikin ɗaki. Mita 9 kamar taku uku ne a tsaye, uku a kwance. Ciki za a sa gado, da teburin karatu, da abin dafa shayi, da akwati. Ban-ɗaki yakan kasance a waje, a ƙarshen lungu, na kowa da kowa. Rufin na gangarowa ta yadda dogon mutum ba ya iya miƙewa sai a tsakiyar ɗaki. A benaye da yawa asansar da aka ƙara daga baya ba ta kaiwa can. Haya kuwa ba abin mamaki ba ne ta kai Yuro 500, sama da jaka 320 a wata, bayan an kawo wanda zai tsaya wa mutum da takardun shaidar samun kuɗi. Da hunturu sanyi na ratsa kwano. Da bazara kwanon na komawa tanda, har ɗan Damagaram da ya saba da zafin watan Afrilu yakan rasa barci, domin a gida aƙalla akwai tsakar gida da za a fitar da katifa. Zafin watan Agustan 2003 ya kashe mutane kusan 15,000 a Faransa, kuma zama a ƙarƙashin rufi na cikin abubuwan da aka gano sun ƙara haɗarin.

A yi wa mai hoton adalci. Yana da dalilansa, kuma masu ƙarfi ne. Ɗakin yana tsakiyar birni, kusa da makaranta ko wurin aiki, ba sai ya yi awa guda a jirgin ƙasa ba. Adireshin gunduma ta 16 a kan takardar neman aiki ya fi na wasu unguwannin bayan gari buɗe ƙofa, wannan sanannen abu ne a Faransa. Sannan wane ɗa ne zai aika wa mahaifiyarsa hoton ban-ɗakin da yake layi a kansa da asuba? Rufin asiri ne, da gudun ɗaga hankalin tsohuwa.

Amma rufin asirin nan tsada gare shi, kuma shi ne farkon mai biya. Dangin da suka ga ƙofar katako da lissafinta za su riƙa roƙo: kuɗin ragon layya, kuɗin biki, kuɗin babur ɗin ƙane. Wanda ya nuna yana zaune cikin attajirai ba shi da bakin cewa babu, sai ya ƙara aikin dare ya rage cin abinci. Na biyu mai biya shi ne ƙanen da ke kallon hoton a waya. Shi bai san da matakalar baya ba. Yana iya watsar da shago ko karatun da ke hannunsa, ya sa a sayar da fili, don ya kai ga abin da yayansa ma bai samu ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, amma sai wanda ya je ya faɗa kafin na gida ya sani.

Babu wanda ya ce zama a ɗakin ƴar aiki abin kunya ne. Ɗalibai da yawa a nan suka yi karatunsu suka fita da digiri, kuma yaron da ke hawa bene shida da buhun shinkafa a kafaɗa bayan ya tashi daga aiki ya cancanci yabo fiye da wanda ke cikin hoton. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne: in ya aika hoton ƙofa, ya haɗa da na ɗakin, ya faɗi kuɗin haya da abin da ke saura masa a ƙarshen wata. Na gida su ma suna da nasu aikin. Kafin a aika masa jerin buƙatu, ko a fara shirya wa wani biza, a tambaye shi hawa na nawa yake, asansar na kaiwa can ko a'a, ban-ɗakin kuma a ciki yake ko a lungu.