ZAUREN ANTI: KUƊIN GORO

Kalmarmu ta wannan wata ita ce "kuɗin goro".

Kun dai san yadda ake cinikin goro. Ƙwarya ɗaya goro ɗari ne, kuma kuɗi ɗaya ake yanka wa ƙwaryar baki ɗaya, ba a tsayawa taya kowane ɗaya. To idan aka haɗa mutane aka yanke musu hukunci ɗaya tun ba a zauna da su ba, sai Bahaushe ya ce an yi musu kuɗin goro. Ku lura, ba ɗaya yake da zato ba. Zato mutum guda ake yi wa, kuɗin goro kuwa dangi ko gari ko sana'a ake haɗawa.

Kwanan baya wata ƙanwata ta zo mini ido ya yi jawur. Wai mahaifiyar saurayinta ta ce atafau ɗanta ba zai auri 'yar makarantar kwana ba, don duk idonsu a tsaye yake. Ko gaisawa ba su taɓa yi ba! Na rarrashe ta, tana share hawaye sai na ji ta ce, "Anti ni na haƙura, dama maza duk mayaudara ne."

Na ce, "Af! Ke ma ga shi kin yi. Har da Babanki da Yayanki a cikin ƙwaryar?" Sai ta sunkuyar da kai.

Haka muke yi kullum ba mu sani ba: kishiya muguwa ce, uwar miji jarababbiya ce, bazawara ba ta zaman aure, ɗan mahauta ba a ba shi mata. Aure nawa aka fasa a kan irin wannan? Amarya nawa ta shiga gida da shirin yaƙi, alhali uwargida da hannu biyu ta tarbe ta? Ku duba Suratul Hujurat, aya ta 12, ku ga yadda aka gargaɗe mu a kan yawan zato.

Don haka ƙanwata, kafin ki ce "ai duk haka suke", tambayi kanki: mutum nawa na sani a cikinsu? Albasa ma ba ta yi halin ruwa ba, balle ɗan Adam.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti